Kashin Tana a Kan Tulun Iri

A yi mini aikin gafara, ban kai in ɗauki alƙalami a gaban manya ba. Labarin Barakatu ne ya hana ni sakat.

Shekarar da mahara suka matsa wa ƙauyukan Tsiga, ruwan shuka ya sauka amma ba mai iya fita gona. Malam Aƙilu ya zuba irin gero da dawa a tulu, ya liƙe bakinsa da yumɓu, ya binne a lambun bayan gida. In tulun nan ya tafi, gidan ba shuka bana. Matarsa Hansai ta bi wurin da tsintsiya ta share shi tas, yadda take yi wa tsakar gida.

'Yarsu Barakatu kuwa ta saba ajiye allo ta tsuguna a lambun tana kallon kashin tana, ɗan ginin nan murɗaɗɗe da ke fitowa bayan ruwa. Na safe baƙi ne mai laushi, na jiya ya bushe ya yi toka-toka.

"Allah Ya shirye ki," in ji Hansai. "Sa'o'inki na kaɗi, ke kina gadin kashi."

Da hantsi aka yi kururuwa, ga mahara ta bakin rafi! Kowa ya nufi dutse. Barakatu ta waiwayi lambun. Ko'ina kashin tana ne birjik, sai wuri ɗaya sumul kamar an ɗora faifai. Ko makaho ya taka zai ce a tona nan.

"Barakatu! Don ubanki taho!"

"Inna, ki yi gaba, ga ni nan."

Ta durƙusa. Kashin tana na farko da ta ɗauka ya murmushe a yatsunta. Ta tsinko ganyen kubewa ta riƙa zura shi a ƙarƙashinsu, tana ɗauke su ɗungum tana dasawa a wurin da aka share, sabo kusa da busasshe, nan a cunkushe, can jefi-jefi, don tana ba ta jera layi. Ta hau kunyar lambun da baya tana goge sawunta. Muryoyi suka iso danga, ta kwanta cikin rama.

Mutum biyu suka shigo, dogo da mai tabo a kunci. Dogon ya caka mashi a gindin danga, ya caka a juji, ya zo ya tsaya a kan tulun. Barakatu ta cusa bakin zane a baki.

"Caka nan ma," in ji mai tabo.

"Kai ba ka taɓa noma ba ne? Dubi kashin tana. Wurin nan ko fartanya bai gani ba."

"To, sarkin noma, mu duba rumbu."

Suna juya baya ta ja ciki, ta bi kafar da awaki suka huda a danga, ta sulale ta nufi dutse, ganyen kubewar na dunƙule a hannunta.