Jirgin Amatullah

'Yata Amatullah ba ta magana kamar sauran yara. Ta fara zama budurwa, amma idan ka kira sunanta sai ta dubi bango. Mun je asibiti, mun je wajen malamai, kowa ya faɗi nasa. Abu ɗaya ne ya taɓa buɗe mata baki, shi ne ɗan jirgin ƙasan da mahaifina ya bari.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a tashar Bauchi, tun zamanin da ake jin kukan jirgi daga cikin gari. Shi da abokin aikinsa Baba Istifanus suka kamu da son ƙananan jiragen nan da wani kamfani a Turai ke ƙerawa, masu tafiya da wutar lantarki a kan siririn layin dogo. Da suka yi ritaya, Baba Istifanus ya buɗe shagon ƙwan fitila da soket, ya ware kanta guda a ciki don kayan jirgin. Mahaifina kuwa ya kafa layinsa a kan wani tsohon ƙyaure a gidanmu na Ƙofar Wambai, ya yi tashoshi da kwalin ashana.

Yakan ɗora Amatullah a cinya, jirgin na zagaye, yana kiran tashoshi: "Bauchi. Gombe. Bajoga. Maiduguri." Wata rana da hantsi, kafin ya buɗe baki, sai muka ji wata 'yar murya ta ce, "Gombe." Matata Sauda ta saki ludayin da ke hannunta a cikin koko.

Tun daga nan, duk ranar da aka kawo wuta jirgin ya zagaya, bakinta kan saki har yamma. Takan ce "ruwa". Takan ce "zafi" ta nuna inda ke mata ciwo. Takan ce mini "Baba". Mahaifina ya rasu, jirgin ya ci gaba da aikinsa.

A damunar bara, yana tsakiyar tafiya, kan jirgin ya yi wani ɗan ƙara, ya yi warin ƙonewa, ya tsaya. Na naɗe shi a ƙyalle na nufi shagon Baba Istifanus.

"Ɗan Malam, ka zo ɗinka mini rigar aure ne?" in ji shi, don ya san ni tela ne, kuma kullum da wannan tsokanar yake tarbata.

"Baba, in ka samo amaryar, ɗinki kyauta ne. Duba mini wannan."

Ya sa tabarau, ya kwance cikin, ya shinshina. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Injin ya ƙone. Wannan ba na gyara ba ne, sai sabo."

"To a ba ni sabo."

Ya juya ya nuna mini kantar. Babu komai a kanta sai wani taragon da ba ƙafa.

"Ya'u, da can wakilin kamfanin daga Legas yake zuwa har nan, mu ci masa tare. Daga baya ya daina zuwa, sai dai a aiko kaya a mota. Daga baya suka rufe ofishin Legas ɗin, suka ce a riƙa saye ta waya. Yanzu ko ta wayar, kana sa sunan ƙasarmu sai su ce ba sa aikowa nan. Mu nawa ne muka rage? Ni, da wani likita a Jos, da 'yarka. Ba su yi faɗa da mu ba. Mantawa suka yi muna nan."

Na ce, "Baba, yarinyar nan ba ta san kamfani ba."

Ya ce shi ma shagon zai rufe, ƙafafunsa sun gaji, zai koma ƙauyensu wajen Bogoro. Amma akwai ɗan ƙaninsa Joel da ke aikin jinya a can Turai, zai zo gida Kirsimeti. Ya ba ni lambarsa.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Amatullah takan zauna gaban ƙyauren, ta murɗa makunnin jirgin, ta jira. Kalmominta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. "Baba" ce ta fara tafiya. Da zazzaɓi ya kama ta, ba mu gane kunnenta ne ke ciwo ba sai da ya fara ruwa. A shago ina taka keken ɗinki, hankalina na gida. Na ɗinka wa wani mutum aljihu a bayan riga.

Joel yaron kirki ne. Ya kira ni daga wani shagon kayan wasa, ya ce, "Kawu, na shigo, amma jiragen nan iri-iri ne, manya da ƙanana. Naku wane girma ne?"

Na yi murna da tambayar, don awo sana'ata ce. Na ciro tef daga wuyana na auna kan jirgin kamar yadda nake auna mutum: tsawo, tsayi daga ƙasa, faɗin ƙirji, har da bututun hayaƙin. Na maimaita don kada a samu kuskure. Joel na dariya ya ce, "Kawu, babbar riga za mu yi masa?" Ya ce ya ga wani baƙi mai jan baki, tsawonsu ɗaya.

Ranar da ya kawo shi, Sauda ta yi wa Amatullah wanka ta sa mata kayan sallarta. Muka jira aka kawo wuta bayan la'asar. Sabon kan jirgin na ƙyalli, ya fi tsohon kyau nesa. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗora a kan layi.

Bai zauna ba. Ƙafafun gefe ɗaya suka hau, na ɗaya gefen suka faɗa tsakiya, jirgin ya karkace kamar mai ɗingishi. Ta ɗaga ta sake ɗorawa. Ta sake. Sauda ta ce a hankali, "Malam, ƙafafun sun yi masa kusa da juna."

Na kira Baba Istifanus a ƙauye, muryarsa na yankewa.

"Ka auna tsakanin ƙafafun?"

"Na auna ko'ina, Baba."

"Tsakanin ƙafafun, Ya'u. Shi kaɗai ne awon jirgi. Wayyo. Da wakilin nan na nan, abin da zai fara tambayarka ke nan." Ya yi tari. "Kuma irin namu, na ji sun daina yi. Ban so in faɗa maka ba. Na ce ko Joel zai dace da ragowa."

Na ajiye wayar. Amatullah ta riga ta ture sabon gefe, ta mayar da tsohon kan layi, tana murɗa makunnin.

Na ɗauko baƙin zare a aljihuna, na ɗaura a hancin tsohon kan jirgin, na durƙusa a ƙarshen ƙyauren na fara ja a hankali. Ƙafafun suka juya. Taragai suka biyo. Ina yi masa kukan jirgi da bakina, ni da furfura a gemu, Sauda na tsaye bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Amatullah ba ta dubi jirgin ba. Zaren ta bi da ido, tun daga hancin jirgin har zuwa yatsuna. Sannan ta dube ni, cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. Ta sa hannu ta kwance ƙullin da kyau, ta naɗe zaren, ta saka mini a tafin hannu.

Ta ɗauki kan jirgin ta ajiye shi daidai gaban kwalin ashana na farko.

"Bauchi," in ji ta.

Na kasa kunne ina jiran Gombe. Sauda ma na jira. Fanka na juyawa a sama, wuta ba ta ɗauke ba. Amatullah ta naɗe hannuwanta a cinya, ta zauna kamar fasinjan da ya san ba yau jirgi zai tashi ba.

Har yanzu haka take yi kowace safiya. Ta share layin da gefen zaninta, ta gyara wa jirgin tsayuwa, ta faɗi kalmar nan guda. Ni kuma nakan makara zuwa shago, ina tsaye a bayanta da tef a wuya, ko Allah zai sa ta wuce Bauchi.