Bakin Ladidi Bai Saba Ba

Ladidi na juya kifi a kan banda, a bakin ruwan Yelwa, sai Rahamatu maƙwabciyarta ta cusa mata waya a fuska.

"Ke, mi kika ce ma 'yar jaridar nan ta jiya? Duniya duk ta ɗauka!"

Ladidi ta ga kanta a ciki, hayaƙi na tashi a bayanta. Grace, yarinyar da ta zo daga Abuja, tana tambaya: "Mama, me za ki ce game da ɗanki Bilyaminu, da ya ci ƙwallo biyu ranar Lahadi?" Ita kuwa ta kau da kai, ta ce, "Wancan yaron? Ni ban san sha'aninai ba."

"To, mine ne laihina?" in ji Ladidi.

Ita dai ba ta ga abin ɗauka ba. Bilyaminu ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yabe shi gaban mutane. Haka uwarta ta yi, haka duk wata mai kunya take yi. Amma Rahamatu ta karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa: ɗan wasa ya yi kuɗi ya watsar da uwarsa a cikin hayaƙi, har ta daina faɗin sunansa.

Kan Ladidi ya ɗaure. Yaron da ya gina mata gida, ya yi ta roƙonta ta bar bandar nan ta ƙi?

Da azahar Bilyaminu ya kira.

"Inna, yau wurin atisaye an jefe ni da robar ruwa. Ƙungiya ta ce in ba a gyara maganar ba, ba ni buga wasan Asabar. Na roƙi yarinyar ta dawo. Don Allah ki faɗi sunana sau guda, ki ce kin yarda da ni."

Tausayinsa ya kama ta, haushi ma ya kama ta, ba ta san wa za ta ji wa ba.

Washegari Grace ta dawo, tana ta ba da haƙuri, wai ita ba ta san al'adar ba. Matan banda suka bar kifinsu suka kewaye su. Grace ta saita wayarta ta fara ɗauka. Ladidi ta gyara mayafi, ta kafa ido a ƙasa. Bakinta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Can ta runtse ido.

"Bilyaminu ɗana ne. Na yarda da shi."

Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Rahamatu ta juya baya. Amma dai an gama.

Grace ta kara wayar a kunne, ta yamutsa fuska, ta dubi jirgin ruwan da ke barin gaɓa.

"Kash, Mama, ƙarar injin nan ta rufe muryarki. Sake faɗi, da ɗan ƙarfi."