Ba Nono Ba Ne, Baba

…kuma saniya! Saniya fa, wai shi Maharazu aka ɗaure wa saniya a gindin dalbejiyar bakin kanal. Ga ta can tana tuƙa, tana kallonsa kamar ta san shi.

Nano ake ce wa abin da yake karantawa. Na-no. Sau nawa zai faɗa? Ya faɗa a tsakar gida, ya faɗa a gona, har tsugunawa ya yi ya zana a ƙasa da tsinke. Baba, ka ɗauki silin gashi, ka tsaga, ka sake tsagawa, ka yi ta tsagawa har ido ya gaza — to can ƙasa, can ne aikin. Baba ya karkato kunnen nan da ƙarar injin ban ruwa ta cinye, ya gyaɗa kai. "To, nono. Allah ya sa albarka."

Shi ke nan. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Ɗan Malam Baballe, shekara uku a jami'a yana karanta kimiyya, ashe a ƙwaryar nono zai ƙare. Masu lodin tumatir a bakin titin Kura suna ƙwala masa kira, "Injiniya, kindirmo ko tsala?" Dariya har da riƙe ciki. Allah ya isa! A'a… wa ma zai yi wa Allah ya isa? Mutanen da ko sunan maganin feshin da suke shaƙa ba sa iya karantawa?

Kuma dubi ruwan nan. Kore-kore, da taki da feshi da fitsarin shanu, shi ake ɗiba in rijiya ta ƙafe. Shi ya kwantar da ƙanwarsa Raliya bara har idonta ya yi rawaya. Dakta ta ce — malamarsu da ta dawo daga ƙasar waje, 'yar siririya mai tabarau, ba ta dariya — ta ce akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, nanon ke nan, a shafa su a tukunyar ƙasa su tace ruwa tas. Ɗalibai kaɗan za ta ɗauka su yi bincike a hutun nan, ɗakin gwaji ɗaya, na'urar ma aro ce. Shi ta nuna da biro. Shi! Ba 'ya'yan da ake saukewa a mota ba. Jiya ta bugo waya: ko ya zo gobe da safe, ko ta ba wani gurbin.

Gobe… ga rabon ruwa ya zo kan layinsu, ga tumatir ya nuna, ga Baba ba ya iya ɗaga injin shi kaɗai. Ya shirya wa faɗa fa. Ya haddace abin da zai ce tun a mota: ni ba lebura ba ne, Baba. A hana shi, ya kafe, ya saɓi jaka ya fice. Wallahi da hani ne da ya fi sauƙi.

Sai saniya.

Hamma makiyayi ne ya jawo ta da hantsi, baki har kunne. "Babanka ya ba ni gonar bakin ƙofar ruwa, na ba shi wannan. Ya ce 'ya'yan manya kowa da kayan karatunsa, nasa ɗan ba zai je gaban malamai hannu rabbana ba."

Gonar bakin ƙofar ruwa. Wadda ruwa ke fara shiga kafin ta kowa. Wadda Baba ya ƙi rabuwa da ita ko shekarar da tsutsa ta tashi da tumatir kaf, suka sha kunu ba suga har damina. An yi shaidu, an shafa fatiha, an gama.

Wa zai shaƙe? Hamma? Injin da ya ci kunnen? Turawan da duk faɗin duniya suka rasa sunan da za su sa wa abu sai wannan? A ina zai ɗaure saniya a jami'a, fisabilillahi? A ƙofar ɗakin gwaji? Ya bar ta, ya bar tsohon da ita da injin da tumatir… ko ya zauna ya yi tatsa, maganar gari ta tabbata?

Ga Baba can tafe a kan kunyar kanal. Yana ɗingishi, ƙafa duk taɓo, rungume da sabuwar ƙwarya ko wanke ta ba a yi ba. Murmushi yake yi. Rabon da ya ga haƙoran nan tun ranar da sunansa ya fito a jami'a.

Faɗa masa. Ɗaga murya yadda zai ji, yadda masu lodi ma za su ji. Ba nono ba ne, Baba, ba nono…

Tsohon ya iso, ya miƙo ƙwaryar da hannu biyu, ya karkato kunnen da ya rage masa.

"Me ka ce, Maharazu?"