Makaniken Alhaji Muntasir

Sifana ta sake zamewa, gwiwar hannunsa ta bugi ƙasa. Alhaji Muntasir ya cije leɓe don kada mai wucewa ya ji abin da ya zo bakinsa. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin tsohuwar Fijonsa, kan kwalin firji da ya yaga ya shimfiɗa. Ƙafafunsa kaɗai ne a waje, cikin wani tsohon wando da matarsa Hajiya Batul ta daɗe tana so ta mai da shi tsumman goge ɗaki.

Tun makon jiya motar ke wani irin kuka daga baya idan ta ɗauki gudu. Da ya bincika a waya, sai ya ga wani Bature yana canza man aksil, wato wannan ƙullutun ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, ko gumi bai yi ba. Noti biyu ne kawai. A kwance na ƙasa tsohon mai ya zube, a kwance na gefe a ɗura sabo. Alhaji ya yi darakta a ma'aikata a Kaduna kafin ya yi ritaya ya dawo gidan gado a Limancin Kona, kuma bai ga dalilin da zai kai motarsa wurin wasu yara su yi ta bugunta da guduma saboda noti biyu ba.

Na ƙasa ya kwance ba gardama. Baƙin mai mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya tsiyaye cikin robar wankin Hajiya. Na gefen ne ya ƙi. Tsatsa ta riƙe shi, kansa ya fara cinyewa. Ga mota ba mai, ba halin tayar da ita, kuma ta toshe lungun har sai mai wucewa ya karkata kafaɗa.

Ga shi kuma yau yana da baƙi bayan la'asar. Mutanen Ƙofar Jatau za su zo nema wa ɗansu Haidar auren Tayyiba, 'yar ƙanensa marigayi, wadda ya riƙe tun tana rarrafe, yanzu kuma tana aiki a ɗakin gwajin jini a asibiti. Ba su ne na farko ba. Waɗanda suka zo a baya duk sun shiga zaurensa da fara'a sun fita suna share gumi, ba wanda ya sake dawowa. Da safe, tana zuba masa shayi, Tayyiba ta ce, "Baffa, don Allah wannan karon ka bari su sha ruwa kafin ka fara tambayoyin." Ya ce mata aure ba wasa ba ne. Babbar rigarsa ta shadda na rataye a ɗaki tun jiya tana shan turare.

Yana sake saita sifana sai ya ga takalma sun tsaya kusa da ƙafarsa. Sandal na fata da sanda a gefensu, sai kuma sau-ciki baƙi mai sheƙi.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, makanike," in ji muryar wani dattijo. "Nan ne gidan Alhaji Muntasir?"

Alhaji ya dubi singiletinsa da ya koma kalar gawayi. Ya tuna ɓular da ke gwiwar wandon. Ya matse hanci ya siranta murya.

"Nan ne."

"Yana ciki?"

"Ya fita."

"Ayya. Laifinmu ne, mun riga lokaci. Hadari muka ga ya haɗo, muka ce gara mu iso kafin ya sauka. Ni ne Malam Garba, baffan Haidar, wannan ƙanena ne Jibril. Bari mu jira shi a nan dakali, zaure zai yi zafi."

Suka zauna, taku kaɗan daga yatsun ƙafarsa. Jibril, mai sau-cikin, ya leƙa zaure ya rangaɗa sallama. Can sai muryar Hajiya Batul daga bayan ƙofa.

"Maraba, sannunku da zuwa. Ai Alhaji yana nan waje."

"Makanike ya ce ya fita, Hajiya."

Alhaji ya ji ƙarar ƙofa an ɗan buɗe ta, ya san tana kallon ƙafafunsa.

"Au," in ji ta. "Makanike ne ya ce? To ai shi ya fi ni sanin inda yake." Ta turo tabarma da ruwa. Kafin ta koma ta ɗaga murya. "Makanike! In ka gama ka wanke mini robata da omo. Kuma ka gaya wa mai gidanka na gode."

Alhaji ya yi shawara a ransa: da an kira la'asar za su tafi masallaci, shi kuma ya sulale ciki. Abin da ya rage kawai ya yi ta ƙwanƙwasa ƙarfe kamar mai aiki.

"Yaya," in ji Jibril ƙasa-ƙasa, "an ce fa mutumin nan tambayoyi gare shi kamar alƙali. An ce ya taɓa sallamar wasu don ɗaya ya ce eh maimakon na'am."

"Sai mu riƙa cewa na'am."

"In ya tambayi sunan kakan kakanmu fa?"

"Mu ce Jibril."

"Ai ni ne Jibril."

"To ai daga wani wurin ka samo sunan."

Ba don eh Alhaji ya sallami mutanen nan ba. Don hular da ɗaya ya karkata ne, kuma har yau yana ganin yana da gaskiya.

Sandar Malam Garba ta ɗan taɓa tafin ƙafarsa. "Makanike, kai da kake masa aiki, yaya halinsa?"

"Mutumin kirki ne," in ji Alhaji ta hanci. "Mai ilimi. Mutane ne ba su fahimce shi ba."

Daga cikin zaure wani tari ya taso, irin wanda ba na mura ba. Jibril ya tuntsire da dariya. "Tsoro yake ji kada a kore shi daga aiki."

"Bar shi," in ji Malam Garba. "Ita ma yarinyar haka take cewa, mutumin kirki ne. Abin da ya sa na taso da ciwon gwiwata ke nan. Haidar ya ce ta gaya masa in baffanta ya ƙi, shi ke nan, ba za ta saɓa masa ba. Amma kuma ba za ta sake kawo kowa ba. Wai ta gaji da ganin ana kunyata iyayen mutane saboda ita. Za ta zauna ta yi aikinta, ta riƙa auna masa hawan jini har Allah ya yi ikonsa."

Alhaji ya daina ƙwanƙwasa. Bai taɓa jin wannan maganar ba. Ya kwanta yana kallon cikin motar, laka da tsatsa, wani ɗigon mai yana taruwa a bakin noti daidai saitin goshinsa. Haushi ya kama shi, bai san na wa ba. Ya kafa sifana a notin gefe, ya tokare ƙafa da taya, ya ja da iya ƙarfinsa.

Notin bai motsa ba. Motar ce ta motsa. Jak ɗin da ya kafa a kan ƙasar da ruwan shekaranjiya ya jiƙa ya karkata a hankali, kamar mai gyangyaɗi, ya kwanta. Fijo ta sauko kan tayoyinta, aksil ya zauna daram a kan tumbinsa. Bai karya komai ba. Ya dai riƙe shi kamar yadda ake danne takarda da dutse.

"Lafiya, makanike?"

"Lafiya," ya ce da ƙyar. "Haka ake yi."

Ya gwada ja da baya, ya gwada gaba. Ya tsotse ciki har idonsa ya kawo ruwa. Tumbin da ya tara a kujerar ofis bai san wannan maganar ba.

Sai iska ta taso, ta kwashi ledoji ta yi sama da su. Ɗigon farko ya bugi rufin mota. Baƙin suka naɗe tabarma suka shige zaure.

"Fito ka fake mana!" in ji Jibril.

"Na kusa gamawa."

Duk wanda ya girma a unguwar ya san lungun nan shi ne hanyar ruwa. Kafin a jima ruwan ya taho daga sama, ja, ɗauke da ɓawon rake da takalmin wani yaro. Kwalin ya jiƙe ya narke a bayansa. Robar Hajiya ta ɗaga, ta yi iyo a hankali, ta zagayo ta bugi kafaɗarsa, ta kife. Man da ya shekara da shekaru a cikin mota ya wanke masa fuska da gemu. Ruwa ya cika masa kunne, ya fara taɓa gefen bakinsa.

"Jama'a!" Wannan karon da muryarsa ta darakta ya yi, wadda ke tsayar da taro. "Ku ɗaga motar nan! Ta danne ni!"

"Innalillahi!" Hajiya Batul ta fito har bakin zaure ba mayafi. "Ku taimaka, ku ceci..." Ta haɗiye. "Ku ceci makanike!"

Jibril ya tattare riga ya ruga bakin lungu, inda wasu 'yan acaɓa suka fake a rumfar mai shayi. Malam Garba kuwa ya jingine sandarsa, ya durƙusa da gwiwar tasa mai ciwo, sannan ya kwanta a cikin ruwan da farar rigarsa. Ya zura hannu ƙarƙashin mota yana lalube har ya sami ƙeyar mutumin, ya tallafe ta sama.

"Na riƙe ka, ɗana. Kada ka ji tsoro. Yi ta magana in san kana nan."

"Me zan ce?"

"Ko me. Gaya mini, kana ganin mai gidan naka zai ba mu kuwa?"

Alhaji ya tofar da ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe. Dattijon bai saki ƙeyarsa ba.

"Zai ba ku," ya ce. Ya manta da hancin. "Ko kakan naku wane ne."

Malam Garba ya dai gyara riƙonsa.

'Yan acaɓa suka iso da Jibril, suka kama bayan mota, aka yi kabbara aka ɗaga. Tayyiba, wadda ta fito a guje da hijabi a karkace, ta kama idon sawunsa biyu ta ja shi waje kamar buhun masara. Ya zauna a tsakiyar lungu, baƙi ƙirin daga kai har wuya, sai fararen idanu. Ta durƙusa tana taɓa haƙarƙarinsa, tana haki.

"Ba..." ta fara. Idanun suka zare mata. "Ba ka ji ciwo ba, makanike?"

Ya girgiza kai. Ya miƙe, ya ɗauki wani tsumma ya rufe fuska, ya wuce ta tsakiyar mutane, ya ratsa zaure ya shige ciki.

"Har cikin gida?" in ji Jibril.

"Makaniken gida ne," in ji Malam Garba, yana matse hannun rigarsa.

Baƙin sun yi la'asar a zaure, ruwa ya tsagaita, kafin su ji takun mai gida. Alhaji Muntasir ya shigo cikin shadda tana ƙara, hula zaune daidai tsakiyar kai, carbi a hannu. Turarensa ya riga shi shigowa, amma warin ruɓaɓɓen ƙwai ya biyo baya ya kore shi. A cikin kunnensa na hagu akwai baƙin da sabulu bai kai ba.

"Sannunku da zuwa. An ce kun daɗe. Na ɗan fita ne."

"Na'am," in ji Malam Garba.

"Na'am," in ji Jibril, yana kallon ƙofar da Alhaji ya fito, sannan ya kalli ƙofar waje. Yayansa ya taka masa yatsa.

Aka gaisa yadda ya kamata. Aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka ce ruwa ya yi gyara. Malam Garba ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo su, cewa ɗansu Haidar ya ga 'yar gidan nan, sun zo neman iri.

Alhaji ya yi gyaran murya. Tambayoyin suna nan a jere a bakinsa kamar kullum, ta farko har ta hau harshe. Sai idonsa ya sauka kan rigar dattijon, jiƙe sharkaf, ja da laka, hannun dama baƙi har kafaɗa. Tsohon yana ƙoƙarin ɓoye rawar sanyi.

"Ku sha ruwa tukuna," in ji Alhaji.

Suka dubi juna. Ruwa dai sun sha shi a waje. Amma suka ɗauki kofi suka kurɓa.

"Na ba ku," ya ce. "Allah ya sa albarka. Hajiya! A kawo wa Malam riga cikin nawa."

Aka shafa fatiha. Jibril ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kamar shi aka ɗaga wa mota. Da suka tashi tafiya, Malam Garba, cikin aron rigar da ta yi masa yawa, ya tsaya a bakin zaure yana duban Fijo. Tana nan inda take, ta toshe lungu, jak a kwance a ƙarƙashinta, galan ɗin sabon mai ko buɗe shi ba a yi ba.

"Alhaji, makaniken nan fa? Da mun duba jikinsa kafin mu wuce."

Alhaji ya ja carbi ɗaya, ya dubi sama.

"Na sallame shi," ya ce. "Bai iya aiki ba."

Malam Garba ya gyaɗa kai a hankali. "Ayya. To Allah ya ba shi wata sana'ar."

"Amin," in ji muryoyin mata biyu daga bayan ƙofa.