Mai Farar Hula Bai Mutu Ba

Duk unguwar babu wanda wuya ta tauna ta tofar kamar Baba Majigi. Mota ta taɓa kifewa da shi a kan gada, ya fito yana kaɗe riga yana tambayar ina takalminsa. Katanga ta faɗo masa da damina, aka tono shi yana zagin magini. Ran da silimar da yake aiki ta kama da wuta, shi ne na ƙarshen fita, gira a ƙone, kuma sai da ƙarti suka danne shi don kada ya koma ɗauko fina-finai. Bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa ka rubuta masa, yana iya riƙe takardar a kife. Amma ya juya injin majigi tun yana saurayi har kansa ya yi fari, kuma a wannan aiki ko waɗanda suka ƙera injin sai su zauna ya koya musu.

Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa, a ɗakin baya kusa da tankin ruwa. A ɗakin akwai gado, akwai talabijin, sai wata kanta ta katako da ta cika da akwatunan fina-finan wani darakta Bafaranshe. Da hoton bayan kwali yake gane su: mutum mai dogon hanci, da tabarau, da ƙyalle a wuya ko da kuwa ana zafi. Akwai tsofaffi na kaset, masu kauri, waɗanda danshi ya kumbura. Akwai na faifai. Wani da jan yadi aka lulluɓe shi, wani yana buɗewa kamar littafi, wani kuma rubutunsa kamar sawun kaji, ko surukinsa da ya yi makaranta ya kasa karantawa. Akwai ma guda da ya ƙi yi a na'urarsu ƙememe, wai na wani ɓangaren duniya ne.

Ba don ado yake tara su ba. Fim guda yake nema.

A zamanin silima akwai wani fim na wannan Bafaranshen da ya zauna a wurinsu shekara da shekaru, domin kamfanin da ya kawo shi ya rushe, babu wanda ya zo karɓa. Babu mai jin yaren, sai unguwa ta sa masa suna Mai Farar Hula. A cikinsa ana harbe mutumin a tashar jirgin ƙasa, ya faɗi, hular ta gangara, matarsa ta durƙusa tana kuka. Sai Baba ya sa naɗin fim na ƙarshe a inji. Sai ga mutumin a bakin teku, hannu rataye a bandeji, yana dariya da matar, daga nan ya hau jirgin ƙasa ya tafi abinsa. A nan silima take rikicewa da ihu. Baba yakan buga ƙirji a ɗakin inji ya ce, “Irina ke nan!”

To ga abin da ya ɗaure masa kai. Duk akwatin da ya saya, fim ɗin yana ciki, amma a juye. Bakin teku ya zo da wuri, harbi ya zo ƙarshe, mutumin ya faɗi bai tashi ba, rubutu ya hau. Ya koma wurin mai shago ya yi faɗa, aka ba shi wani, shi ma haka. Sai ya yanke cewa masu kwafa ne ba su san aiki ba, kuma wata rana zai dace da na gaskiya.

Da don kansa ne, da sauƙi. Akwai Dogo.

Dogo shi ne mai yaga tikiti a ƙofar silimar, abokinsa tun suna samari. Aikin Dogo ne ya fita ya buɗe manyan ƙofofi ya tsare kekuna kafin a tashi, don haka kullum da an harbe mutumin sai ya fita. Ihun kawai yake ji daga waje. Bai taɓa ganin naɗi na ƙarshe da idonsa ba, yana cewa gobe, har wuta ta cinye fim ɗin. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kwanta, ya daina motsa abin da likita ya ce ya motsa, ya daina dariya. Baba ya je duba shi, Dogo ya ce da karkataccen bakinsa, “Majigi, kafin in tafi, nuna mini inda ya tashi.”

Baba ya ce, “An gama.” Bai taɓa cewa an gama a ga ba a gama ba.

Wata safiya mai shago ya aiko da wani akwati baƙi, mai nauyi kamar bulo, ya ce wannan shi ne cikakke, daraktan da kansa ya sa hannu a yi shi. Baba ya rungumo shi ya shigo gida yana kiran 'yarsa.

“Uwata! Ina mijinki? Yau magana ta ƙare.”

“Baba, wani kuma? Kantar nan fa ta fara lanƙwasa.”

“Ta karye. Kira mini Injiniya.”

Surukin mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali, Baba ne kawai ke ce masa Injiniya. Ya wanke hannu, ya yage ledar a hankali, ya sa faifan. Hoto ya fito tas, har zaren hular kana gani. Baba ya gyara zama. Aka yi faɗan gidan shan shayi, aka karya wa mutumin hannu da kujera. Can sai ga teku.

“Tsaya,” in ji Baba. “Tsaya. Me teku take yi a nan?”

“Haka ya zo, Baba.”

“Ba a harbe shi ba tukuna!”

Suka kalla har ƙarshe. Mutumin ya sauka daga jirgi, aka harbe shi, hular ta gangara, rubutu ya hau. Baba ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, kamar laifin gilashin ne.

Surukin ya duba cikin akwatin ya ce, “Akwai wani faifai na daban. Shi daraktan ne yake magana a kan fina-finansa.”

“Yawwa! Sa shi. Shi zai faɗa da bakinsa yadda aka ɓata masa aiki.”

Sai ga mai dogon hanci, ya tsufa, ƙyallen yana nan a wuya, yana zaune a kujera yana karkaɗa hannu. Rubutu yana bi ta ƙasa da yaren da surukin yake ji, yana karantawa yana fassarawa. Ya yi ta fassara har aka nuna hoton tashar jirgi, sai muryarsa ta yi ƙasa.

“Me ya ce?”

“Ya ce… wai tun kafin ya rubuta komai, ya san a tasha mutumin zai mutu. Wai bakin tekun ya sa ne don mutane su so shi, mutuwar ta fi yi musu zafi.”

“Ƙarya kake karantawa.”

“Wallahi Baba, haka aka rubuta.”

“To mai rubutun ne maƙaryaci.”

“Ga shi yana nuna faɗuwar da hannunsa.”

Lallai kuwa tsohon ya kwantar da tafin hannu a kan gwiwa, ya bar shi a kwance. Baba ya zuba masa ido. Wannan fuskar ya yi shekaru yana nema a kantuna, yana share mata ƙura, ga ta yau ta buɗe baki tana ƙaryata shi a ɗakinsa. Ya ji ɗakin ya ɗan karkata, kamar ranar gada.

“Ni na haska fim ɗin nan,” ya ce. “Ni, da hannuna. Unguwa guda ta gani. Je ka tambayi tela, je ka tambayi mai wanki. Duk mafarki muka yi tare?”

Surukin ya sosa ƙeya. “Baba, kada ka ga rashin kunya. Gwangwanayen fim ɗin, da me kake gane na farko da na biyu?”

“Da fenti. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, haka har ƙarshe. Ban taɓa kuskure ba, ko a duhu da yatsa nake lalubawa.”

“Wa ya ɗiga fentin?”

“Wa zai ɗiga? Ni.”

“Ranar farko, kafin ka ɗiga, da me ka gane?”

“Yadda aka sauke su daga mota mana. A jere suke zuwa.”

“Babu rubutu a jikinsu?”

“Akwai wasu zane-zane.”

Tankin ruwa yana ɗiga a waje. 'Yar da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta koma kicin.

Baba ya yi ƙoƙarin tuna ranar. Ya tuna motar, ya tuna direban yana sauri, ya tuna gwangwani guda ya gangara ƙarƙashin benci an ɗauko shi. Ko kuwa wannan wani fim ne daban? Ya tuna wutsiyar naɗin harbin a gutsure take, inji ya cinye ta tun kafin ta iso hannunsa, babu wani rubutu da ke hawa. To idan mutumin ya mutu, wa mutane suka yi ta yi wa ihu? Bandejin fa? Na kujera ne ko na harsashi? Shi dai ya san ya ga mutum ya faɗi, ya kuma ga ya tashi. Sai kuma ya nemi tashin a cikin kansa, ya rasa. Faɗuwa yake gani, sai teku.

“Dogo yana jira,” ya ce, ba da kowa ba. “Na aika masa cewa yau ne.”

Surukin ya juya rimot a hannunsa. “Abin nan yana tsallake, Baba. Gaba ko baya, duk inda aka ce.”

Baba ya dube shi, ya dubi rimot ɗin. “Kamar canza naɗi?”

“Kusan haka.”

“To me kake jira? Ɗauki kaya.”

Da la'asar suka isa. Ɗakin Dogo yana warin man shafawa, labule a sake, sandar da aka saya masa tana jingine ba a taɓa ta ba. Matarsa ta kawo kujeru.

“Amarya, ɗaga masa kai,” in ji Baba. “Ba a kallon fim ɗina a kwance kamar kifi.”

“Kai dai bakinka bai tsufa ba,” ta ce, ta cusa wa mijin matashi.

Dogo ya juyo da ido. “Ka samo?”

“Na taɓa cewa zan yi ban yi ba?”

Surukin ya haɗa wayoyi. Baba ya tsaya a bayansa, hannu a kafaɗarsa, yadda yake tsayawa a bayan inji. Da aka karya hannun mutumin, ya matsa kafaɗar, surukin ya tsallake teku. Jirgi ya tsaya a tasha. Ƙarar bindiga, hula ta gangara, matar ta durƙusa. Ƙafar Dogo mai lafiya ta motsa a ƙarƙashin bargo, kamar zai tashi ya je buɗe ƙofa.

“Zauna, babu kekuna yau,” in ji Baba, ya sake matsa kafaɗa.

Allon ya yi duhu, ya ɗan yi jinkiri. Sai teku. Ga mutumin da bandeji, iska tana kaɗa rigarsa, yana dariya. Ya hau jirgi, matar tana ɗaga hannu. Surukin ya kashe kafin jirgin ya isa ko'ina.

Dogo ya daɗe yana kallon baƙin gilashin.

“Ina wurin da ya tashi?”

“Ga shi ka gani.”

“Na ga ya faɗi. Na ga yana yawo. Ban ga tashin ba.”

Baba ya dubi surukinsa, surukin yana duban wayoyin da ke ƙasa.

“Haka nake haska shi,” ya ce. “Haka kuka yi ta jin ihu.”

“Hular ma ta koma kansa. Wa ya ɗauko masa?”

“Kai, Dogo! Tikiti aka sa ka yaga ko bincike? Mutum ya tashi, sai ka tsaya tambayar hula?”

Dogo ya tauna abin a ransa. Can ya ce, “Shi wanda ya yi fim ɗin, yana da rai? A tambaye shi.”

Surukin ya ce, “Ya rasu tuntuni, Baba Dogo.”

“To ka ji!” Baba ya buga cinya. “Shi ya kwanta, ni ga ni tsaye. Wa za ka yarda da shi?”

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Dogo, matar ta zabura tana tsammanin shaƙewa ce. Dariya ce, da rabin fuska, har hawaye ya bi gefen da ya shanye.

“Sake sa shi,” ya ce. “Daga inda ya faɗi. Wataƙila ƙifta ido na yi. Ku ɗaga ni sosai.”

Suka kama shi su biyu suka zaunar, bayansa a bango. Surukin ya ɗauki rimot, ya raɗa wa Baba, “Gaba zan yi ko baya?”

Baba ya dubi maɓallan, ƙananan kibiyoyi, wasu sun kalli dama wasu hagu. Ya dubi Dogo, wanda ya ware ido ya ƙi ƙiftawa.

“Ni ma ban sani ba,” ya ce a hankali. “Kai shi teku kawai.”