Wa Aka Ba Hannu?

Tun kafin motar Baba Ɗanliti ta bayyana Fiddausi kan san ya kusa, don hon ɗin motocin da ya tare ne ke riga shi isowa. Ranar ma haka aka yi. Tana durƙushe a zaure tana ɗaure wa 'yarta Muhsina igiyar takalmi, sai ƙarar ta taso daga can wajen kwana kamar ana kai amarya.

"Umma, Baba Silo ya taho!"

"Baba Ɗanliti. Na hana ki wannan sunan, tuƙi a hankali ba abin tsokana ba ne."

"Ai shi ma dariya yake yi in an faɗa."

Mijinta Ismail yana turo mashin ɗinsa daga tsakar gida, ya tsaya yana goge madubi da hannun riga.

"Ke dai kin nace wa tsohon nan. Kullum sai an zane yarinyar nan a kan latti. 'Ya'yan maƙwabciyarmu Rabi kurkura mai ƙafa uku ke kai su, kafin ki wanke kofin koko sun isa makaranta a Ƙofar 'Yandaka."

"Bulala ai tana warkewa, Abban Muhsina," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba.

Ya yi dariya, ya tada mashin ya fita.

Lokacin da aka kawo Fiddausi unguwar Kambarawa, titin ƙofar gidansu jar ƙasa ne, ramuka sun hana kowa gudu. Da aka zuba kwalta har walima matasa suka yi. An kafa wani allo mai jan da'ira da ke nuna iyakar gudu, amma ba a jima ba fastocin 'yan takara suka rufe lambar, mai faci kuma ya mai da ƙarfen wurin rataye tsohuwar taya. Tun daga nan ta fara lura da masu tuƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Cikin duk masu jigilar 'yan makaranta, Baba Ɗanliti kaɗai ta ga yana taka birki in ya hango akuya. Don haka ta ba shi 'yarta.

Matsala ɗaya ce: ta ɗaya gefen titin yake zuwa. Tifofin yashi da ke kwana a ƙofar gidan sun tare ganin abin da ke tahowa, sai mutum ya sa ƙafa a kwalta. Sai suka yi tsari. Baba zai gangara ya tsaya, ya duba gaba, ya duba madubi, sannan ya zuro hannu ta taga ya kaɗa. Fiddausi na riƙe da Muhsina a tsakanin tifa biyu, ba ta sakinta sai ta ga hannun. Har waƙa ta mai da shi don yarinyar ta haddace: ba a tsallakawa sai Baba ya ba da hannu.

A wannan safiyar suka fito, ƙanin Muhsina, Ashraf, na goye a bayanta. Tsohuwar motar ta gangara gefe a hankali, cike da yara masu farin hijabi. Hon bai tsaya ba. Wata baƙar mota a baya ta danne nata ba ɗagawa, wani na ihu ta taga, "Tsoho, in ba ka iya ba ka sayi jaki mana!"

Hannun Baba ya fito ta taga, ya kaɗa sau biyu.

"Je ki. Allah ya tsare," in ji Fiddausi, ta saki hannun.

Muhsina ta ruga, kwandon abincinta na bugun cinyarta. Sai a sannan Fiddausi ta lura fuskar Baba ba wajensu take kallo ba. Madubinsa yake kallo. Mai hon ɗin nan yake ba hannu ya wuce.

Baƙar motar ta fito daga bayansa kamar an harbo ta.

* * *

Kafin azahar an kai Muhsina makwancinta.

Ran addu'ar uku mahaifin yaron da ke tuƙin ya zo da tawagarsa. Wani Alhaji ne mai sanyin murya. An shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida, Fiddausi kuma na zaune a ɗakin da tagarsa ke kallon waje, mata sun kewaye ta, tana jin komai.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ƙanen Alhajin ya gyara murya.

"Yaron nan tun ranar bai ci abinci ba. Ya rantse da Allah hannu aka ba shi. Mutane ma sun shaida."

"Ƙwarai an ba shi," wani maƙwabci ya amsa. "Ni ina wurin mai shayi, da idona na gani."

"Yo ai irin su Ɗanliti su ne fitinar titi," in ji wata murya. "Ka tare hanya kana rarrafe, na baya shina sauri zai tahi aiki, mi kake so ya yi? Dole ransa ya ɓaci."

Aka yi ta "haka ne, haka ne" ƙasa-ƙasa. Daga nan ta ji muryar Ismail, a dashe kamar ba tasa ba.

"Kwana ne ya ƙare. Mun yafe, duniya da lahira. A sako yaro."

Aka ɗauki kabbara, ana sa masa albarka.

Fiddausi ta jira wani ya tambayi irin gudun da yaron yake yi. Ta jira har aka naɗe tabarmi. Da Ismail ya shigo shan ruwa ta tare shi a bakin randa.

"Ka tambaye su nawa yake gudu?"

"Fiddausi..."

"A gaban shagon mai faci aka tsinto takalminta. Ka san nisan wurin daga nan. Wanda aka ba hannu ya wuce, cewa aka yi ya tashi sama?"

"In na tambaya mi zai ƙara miki? Zai dawo da ita?"

Inna Delu, mahaifiyar Ismail, ta kamo kafaɗarta. "Ɗiyata, ki bar tone-tone. An yafe, an gama. Addu'a take buƙata yanzu."

Fiddausi ta koma ɗaki. Ba ta ƙi a yafe ba. So ta yi kafin a yafe a faɗi abin da ake yafewa.

A satin matasan unguwa suka tara ƙasa da duwatsu suka yi tudu a tsakiyar titin don masu mota su rage gudu. Bai daɗe ba wata babbar mota ta daki cikinta a kai, washegari aka turo ma'aikata da shebur suka kwashe, aka ce ba a nemi izini ba. Iyayen sauran yaran kuwa duk sun janye 'ya'yansu daga motar Baba. Rabi ta ce ita dama can ba ta yarda da tsohon da hannunsa ke rawa ba.

* * *

Da lokacin sa Ashraf a makaranta ya yi, Ismail ya ce ya yi magana da mai kurkurar su Rabi. Fiddausi ta san yaron mai kurkurar. Ta sha ganinsa yana shan kwana da ƙafa biyu a ƙasa, yara na ihun murna a baya.

Da la'asar ta sa hijabi, ta ɗauki Ashraf a kafaɗa, ta roƙi mai shayi ya tsallakar da su. Gidan Baba Ɗanliti na can cikin lungu. Motar na ƙarƙashin dalbejiya, tayoyin sun sace, kaza ta yi ƙwai a kujerar gaba. Shi kuma yana kan buzu a zaure, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Ta durƙusa. "Baba, ina wuni? Ya jiki? Ya iyali?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya haƙuri? Ya maigidan? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Ya kalli Ashraf sau ɗaya, ya kau da kai.

"Baba, zuwa na yi ka gyara motar nan. Ashraf zai fara makaranta."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke kuwa mi na yi miki da za ki yi mini ba'a?"

"Wallahi ba ba'a ba ce. Duk titin nan kai kaɗai ne ba ka gudu."

"Rashin gudun nawa ai shi ya jawo. Haka kowa ya ce, har a masallaci." Ya ɗaga hannunsa na hagu ya duba shi kamar na wani. "Zagin ne ya ishe ni ranar. Na ce bari in sallame shi ya wuce, in ya so in ba ɗiyata hannu a natse. Na manta hannun iri ɗaya ne."

"Sai mu canza. Ni zan riƙa tsallako da shi da kaina. Ba ka ba kowa hannu."

"In na zauna a kujerar nan, hon nake ji ko ba mota a bayana." Ya girgiza kai. "Ki yafe mini, Fiddausi. Ba ni iyawa."

Ta roƙe shi har aka fara kiran magariba a nesa. Bai ƙara cewa komai ba sai "ki yafe mini."

Da suka dawo bakin titi mai shayi ya tafi alwala. 'Yan kasuwa na komawa gida, motoci da mashina da kurkura suna wucewa, iskarsu na kaɗa mata hijabi. Ga ƙofar gidansu can, tana hango labulen zauren tsakanin tifofin yashi. Ta sauke Ashraf ta riƙe wuyan hannunsa. Hanya ta ɗan buɗe, ta ɗaga ƙafa, ta mai da ita. Ta sake buɗewa, ba ta motsa ba.

"Umma, mu tafi gida mana."

"Yanzu."

Aka tada salla a masallacin unguwa, suna nan tsaye.

"Umma," in ji Ashraf, yana ƙoƙarin zare hannunsa, "kina ji mini ciwo."

Ta ji shi sarai. Ta ƙara damƙewa.