Hannuna a Saman Kowace Ƙofa

Shekara goma sha tara ina yin allunan shaguna a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Mahauta, masu aski, masu sayar da waya, duk hannuna ne a saman ƙofarsu, amma ba wanda ya san ban iya karatun boko ba. Makarantar allo na yi a Damagaram, ajami na sani. Haruffan Nasara kuwa zana su kawai nake yi: a kawo mini a takarda, in auna, in yanka, in manna. Matata Fatou ce take karanta mini komai. Da ta rasu sai na zauna da sirrina ni kaɗai.

Ranar da aka ce dole ciniki ya koma cikin manhajar da hukuma ta yarda da ita, tsoro ya kama ni. Ba tara nake tsoro ba. 'Yata Raliatou nake tsoro, wadda take jami'a a Saint-Denis, take gaya wa ƙawayenta cewa ubanta da haruffa yake cin abinci. Dama tun bayan sadakar arba'in ta rage kirana.

Ta iso da jirgin ƙasa ranar Asabar da hantsi don mu zaɓi manhajar tare. Mai sayar da manhajar kuma, cikin duk mutanen Lyon, sai ya zama Bukari ɗan Maradi, wanda magana ba ta kwana a cikinsa.

"Malam Mounkaila, iri uku ne," in ji shi yana buɗe na'urarsa a kan teburina. "Wannan rasit kawai take fiddawa. Wannan tana riƙe sunan kiliya, wato wanda ya kawo maka aiki, da girman allonshi. Ta uku har lampo, harajin hukuma, take lissafawa. Zauna ka taɓa da kanka."

"Na bar tabarauna a gida."

"Ga shi a aljihunka, Baba," in ji Raliatou.

Na zauna. Bukari ya ce in rubuta sunan shagona. Wannan ban ji tsoronsa ba, ni na yanka shi da hannuna. Na nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya ta siffarsu, sunan ya fito daidai. Har na fara sauke numfashi sai wani ɗan akwati ya fito da layi biyu na rubutu, da maɓalli biyu a ƙasa. Bukari da Raliatou suna tsaye a kaina suna jira. Na yi bisimilla na danna na dama, komai ya ɓace.

Bukari ya kwashe da dariya. "Haba Malam, ta tambaye ka ko a goge duka, ka ce mata i."

Raliatou ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kawu Bukari, don Allah ba mu minti biyar."

Da ƙofa ta rufe, muryarta ta yi ƙasa. "Baba, takardun makaranta da nike kawo maka, kana dubawa kana cewa madalla?"

"Fuskar uwarki nake dubawa. In ta yi murmushi sai in ce madalla."

Na jira ta ɗauki jakarta ta tafi. Ba ta motsa ba.

"To wasiƙar da na aiko maka bayan arba'in? Shafi uku. Wata takwas ina jiran amsa, na ɗauka ba ka damu ba."

Na jawo littafin cinikina na ajami. Wasiƙar tana tsakiya, ninkinta har ya fara yagewa saboda yawan buɗewa. Ban taɓa yarda in kai wa wani ba, don maganar 'yata ce.

Na miƙa mata. "Karanta mini."